Keken da Hajiya ta ƙi hawa

A Ingila ba a wayar gari kawai a ce wa yara su yi wanka za a fita yawo. Zuwa babban wurin wasa sai an shirya masa tun da sauran makonni, balle idan ayarin ya haɗa da jaririya da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Dogon hutun makaranta yana farawa ne a ƙarshen Yuli ya ƙare a farkon Satumba, kuma ba ka da damar cire yaro daga aji don ka kauce wa cunkoso. Hukuma na iya cin ka tarar fam 80 a kan kowane yaro, ta uwa daban ta uba daban. Shi ya sa iyayen ƙasar gaba ɗaya suke ɗunguma a lokaci guda. Tikiti a intanet ake saye, a zaɓi rana, kuɗin yana hawa da sauka gwargwadon ranar da aka zaɓa, wanda kuma ya bari sai ya isa bakin ƙofa shi zai fi kowa biya.

Mu Legoland muka zaɓa, a garin Windsor da ke yamma da Landan. An buɗe shi a 1996, kuma ƙananan yara aka yi wa shi, saɓanin irin su Thorpe Park da Alton Towers inda samari ke zuwa neman abin da zai juya musu hanji. Ayarin namu ni ce da maigida, da ɗanmu na fari mai shekara tara, da ƙanwarsa mai shekara biyar, da jaririya, da ƙanwar maigida da ke karatu a nan, sai Hajiya mahaifiyata wadda ta zo daga Jos zaman jego.

Da na gaya mata ranar da aka tsayar, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsefe wa jikarta gashi. Cewa ta yi: "Ku je ku dawo lafiya, ni zan tsare muku gida."

Duk wanda ya tashi a Jos ya san wannan magana. Washegarin Sallah za a shirya yara a cika mota, wasu gidan zu da ke maƙwabtaka da gidan tarihi, wasu Wildlife Park a hanyar Miango, masu hali su wuce Rayfield bakin ruwa. Kaka kuwa tana zaune a tsakar gida da tukwanen abinci da jariran da aka bar mata. Sai a ce ai tsofaffi ba sa son hayaniya. Ban yarda da wannan ba. Matar da ta yi shekaru tana ratsa kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, tana ciniki da ƙarfin murya, ba hayaniya ce ke hana ta fita ba. Tsoron ƙafarta take yi. Ta san inda za a je babu wurin zama, ta san akwai matakala da kwata da duwatsu, ta san za ta zama kaya a wuyan mutane, sai ta ɓoye abin a cikin tsaron gida.

Na ce mata: "Hajiya, a can ana bayar da hayar keken zama, maigida zai tura ki." Nan fa ranta ya ɓaci. "Ni da ƙafafuna biyu a tura ni a keken guragu? Fatan me kike yi mini? Idan aka ɗauki hoto ya isa Gangare mutane su ce me, an kai ni Turai na shanye?" Wannan ita ce cutarmu. A gida keken nan abu biyu kawai yake nufi a idon jama'a, ko asibiti ko bara. Dattijo ya gwammace ya shekara bai wuce ƙofar zaure ba da a gan shi a kansa. Jikanta ne ya shawo kanta, da ya ce idan Kaka ba ta zuwa shi ma ba ya zuwa. Ta yarda, bisa sharaɗin ita za ta taka da kanta.

Wurin a kan tudu yake. Ƙofar shiga tana can sama, daga nan kana hango fadar Windsor, inda aka binne Sarauniya Elizabeth a 2022. Hajiya ta daɗe tana kallon fadar, domin mahaifiyarta ta sha ba ta labarin zuwan da Sarauniyar ta yi Jos a 1956. Daga nan sai gangara, gangara ta gaske, irin wadda mutumin Jos ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke sauke mutane ya kuma hauro da su, amma tafiyar cikin filin kanta ba ƙarama ba ce. Ba mu yi nisa ba na ga ta fara dafa ƙarfen gefen hanya tana cije leɓe. A daidai lokacin wata tsohuwar Baturiya ta wuce mu a kan keke, da jar hula da jan-baki, jikokinta na gudu a gefenta, tana dariya tana nuna musu wani abu da sandarta. Bayanta wani dattijo ɗan Indiya da rawaninsa, shi ma a keke. Hajiya ta bi su da kallo, sannan ta ce wa maigida a hankali: "Malam, je ka karɓo abin nan."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a wurin wasu ƙananan kwale-kwale da ke bin ruwa a hankali cikin lambu. Ƙaramar ta kafe sai da Kaka za ta shiga. Ni har na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai ma'aikaciyar wurin ta taho. Yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin ba. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi maigida da ke riƙe da keken ba. Durƙusawa ta yi a gaban Hajiya, gwiwa ɗaya a ƙasa, har idonta ya daidaita da nata, ta gaishe ta, sannan ta fara tambaya ina fassarawa. Za ki iya miƙewa? Wace ƙafa ce ta fi ciwo? Kin yarda in riƙe miki hannu, ko kin fi son 'yarki ta riƙe? Ko da ni ke ba da amsa, fuskar Hajiya take kallo. Ta yi wa abokin aikinta alama ya riƙe kwale-kwalen, ta kawar da keken gefe, ta nuna mata inda za ta sa ƙafar dama da inda za ta dafa. Hajiya ta ɗauki lokacinta, ta gyara mayafi, ta yi bisimilla ta zauna. A bayanmu layi ne mai tsawo, iyaye ɗauke da yara masu rigima, amma ban ji tsaki ko ɗaya ba. Da muka zagayo, keken na jiranmu a daidai inda za ta sauka.

Hajiya ta riƙe hannun yarinyar da hannu biyu ta ce: "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, Allah ya ba ki masu yi miki." Daga baya ta ce mini lallai wannan 'yar gidan mutunci ce, an yi mata tarbiyya. Ban musa mata ba, mai yiwuwa haka ne. Amma na san wani abu kuma, domin ni ma aikin jinya nake yi a ƙasar nan: koya musu ake yi. Ana koya wa ma'aikaci ya yi magana da mai keken ba da mai turawa ba, kada ya tsaya a kansa yana kallonsa daga sama, kada ya taɓa shi sai da izini. Bayan wannan akwai dokar daidaito ta 2010, wadda ta wajabta wa masu hulɗa da jama'a su yi gyaran da ya dace domin mai naƙasa ya samu shiga. Daga nan ake samun gangara a gefen matakala, da faffaɗan bayan gida mai ƙarfen dafawa, da ƙofar da keke zai wuce.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Turawa sun fi mu tausayin tsofaffi. Wallahi a wurin aikina ina ganin tsofaffin da ke daɗewa ba wanda ya leƙo su, abin da ko a mafarki ba za a yi wa uwa a unguwarmu ba. Mu muke durƙusa wa iyaye da safe, mu muke cire takalmi a ƙofar ɗakinsu, mu muke ba su cinya idan an yanka kaza. Sai dai ladabin namu iyakarsa tsakar gida. Da an fita waje babu abin da aka tanadar wa tsoho. Mai gina shago ya ɗora matakala uku masu tsayi, mai gina ɗakin biki haka, har masallatai da yawa haka. Wurin alwala da santsi. Ofis a bene na biyu, na'urar hawa ta mutu ko babu ita sam. Idan dattijuwa ta tsaya tana lalubar inda za ta sa ƙafa a bakin Keke Napep, na baya ya fara danna ham. A layi kuwa, mai ƙarfin kafaɗa da mai cewa ka san ko ni wane ne su ke wucewa. Abin yana ƙona mini rai, domin zuciyar muna da ita.

Sauran yinin ya tafi yadda muka tsara, kuma ga mai shirin irin wannan fita da iyali, tsarin ne ke ceton rana. Yawancin abubuwan hawa suna da ma'aunin tsawo a ƙofarsu, kuma ba a roƙo. Mun auna yaran tun a gida mun gaya wa ƙaramar abin da ba za ta hau ba, ta yi kukanta a falo ta gama. Wanda bai kai santimita 90 ba kyauta yake shiga filin. Mun rubuta lambar wayar maigida a hannun kowane yaro. Abubuwan da suka fi jan layi da sassafe muka yi su, domin ƙarfe goma ake buɗewa kuma kafin azahar ko'ina ya cika. Bayan abinci muka rabu biyu: maigida da ƙanwarsa suka kai babban yaron wurin koyon tuƙi, inda yara ke jan ƙananan motoci suna tsayawa a jar danja, mu kuma muka zauna a inda aka gina Landan da 'yan ƙananan tubalan roba, har da hasumiyar agogo da gadar kogin Thames. Hajiya ta fi kowa daɗewa a nan, tana tambayar wane mai haƙuri ne ya zauna ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar kuwa ba ta fasa halinta ba. Tsakiyar bazararsu ce, amma sai da ruwan sama ya sauko mana sau da yawa, yayyafi mai sanyi da iska, ya ɗauke ya dawo, lema ma ba ta tare shi. Sanyin Jos na Disamba aƙalla ka san lokacinsa ka tanadi rigarka. Ga matsalar da ke bin kowane Musulmi duk inda ya shiga a ƙasar nan: bayan gida tsaf kamar ɗakin kwana, amma babu buta. Sai ka riƙa yawo da gorar ruwa a jaka, kana fakon idon mutane kafin ka wanke ƙafa. Salla a gefen ciyawa muka shimfiɗa darduma muka yi, kuma gaskiya babu wanda ya ko waiwayo. Abinci kuwa, a duk wuraren shaƙatawar ƙasar nan da tsada yake, na halal ba ko'ina ba, shi ya sa na kwana ina dafa shinkafa da kaza na cika kula. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a manyan wuraren wasa na Turai da Amurka, ta sayar da damar tsallake layi ga mai ƙarin kuɗi. Ba ta kwanta mini ba. Yaro ɗan shekara biyar yana tsaye yana kallon sa'ansa ya wuce ta wata ƙofa, me za ka ce masa?

Lokacin cin abincin ne kewar gida ta kama ni. Hajiya ta buɗe kula, ta juya ga iyalin da ke bencin kusa da mu ta miƙa musu faranti tana cewa bisimilla. Suka yi murmushi suka girgiza kai suka ci gaba da cin burodinsu. Ta sake miƙawa, suka sake yin godiya. Abin ya dame ta ƙwarai, ta ce wane irin mutane ne ba sa cin abincin maƙwabci. Da a gida ne, kafin a rufe kular an zama 'yan uwa, wata ta karɓi jaririyar ta goya in huta, wani ya aika yaro ya sayo gasasshiyar masara ko soyayyen dankali a raba. A nan tun safe har yamma babu wanda ya ce sannu da ɗawainiya. Kowa da iyalinsa, kowa da wayarsa. Da za a haɗa wancan hali namu da wannan tsari nasu a fili ɗaya, da ban san wanda zai kama ƙafarmu ba, kuma Filato ba ta rasa wuri: ga duwatsun Shere, ga ruwan Assop, ga iskar da mutanen Abuja ke tuƙo mota su zo sha.

Doka ma muna da ita. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Kowa ya duba unguwarsu ya ƙirga ƙofofin da keke zai iya shiga.

Ni dai na fara daga gidanmu. Na saya wa Hajiya keke mai naɗewa, mara nauyi, wanda zai shiga bayan mota, kuma ita da bakinta ta zaɓi launinsa. Da shi za ta koma. Na kira Yaya na ce kafin ta iso a samo magini ya zuba gangara ta siminti a gefen dakalin ƙofar gida, mai faɗin da keken zai wuce, a sa ƙarfen dafawa a banɗakinta. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su yi, Yaya, amma idan Allah ya kai mu Sallah, duk inda za a kai yara a fara tambayar ko akwai wurin zama da hanyar keke, a kuma sa Hajiya a gaban mota.