Lauyar muhalli ko harkar dokar teku? Amsa ga ƙanwarmu mai shirin gama Bagauda

Ƙanwata, kin ce kina gab da gama makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, kuma hankalinki ya rabu biyu: ki zama lauyar muhalli mai shiga kotu, ko ki bi harkar tsara manufofin teku. Kin ce har wani ya yi miki dariya, wai 'yar Katsina da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Zobe ba, me ya haɗa ta da teku. Zan dawo kansa. Bari mu fara da aikin kansa tukuna.

Lauyan muhalli, galibi sai ɓarna ta auku ake nemansa. Ita kanta dokar haka aka haife ta a Najeriya: sai da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 sannan gwamnatin soja ta yi dokar hana shigo da shara mai guba, ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2006 aka kafa NOSDRA don malalar mai, a 2007 kuma NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ta gaji FEPA. Waɗannan ne kayan aikinki.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Idan bututu ya fashe a Neja Delta, ana fita duba wurin tare: wakilin kamfani, na NOSDRA, na ma'aikatar muhalli ta jiha, da na mutanen garin. Akwai fom da kowa zai sa wa hannu, a cikinsa akwai gurbin da ake rubuta sanadi, ko tsatsa ce da lalacewar kayan aiki, ko kuwa masu fasa bututu ne. In aka rubuta na biyu, kamfani zai ce ba shi da diyyar biya. Wannan layi guda, da aka cike a tsaye cikin taɓo, shi za ki yi shekaru kina ja a kansa gaban alƙali. Don haka sai kin iya karanta sakamakon gwajin ƙasa da na ruwa, kin kuma iya zama da masuncin da bai ajiye rasit ɗin komai ba, ki fitar da lissafin asararsa.

Sannan sai haƙuri. Man da ya malala a garin Bodo na jihar Ribas a 2008, sai a 2015 Shell ya amince ya biya fam miliyan 55, kuma a Landan aka yi shari'ar. Wasu manoman Neja Delta huɗu da suka kai ƙarar Shell Holan a 2008, sai Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta yanke hukunci. A gida kuma sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. An samu sauƙi a 2018, da Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta shigar da ƙara kan malalar mai ko da ba gonarta aka ɓata ba.

Mai harkar teku kuwa kafin ɓarna yake aiki, kuma da wuya ya ga wanda yake karewa ido da ido. Littafinsa shi ne yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Ita ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku mil 12 daga gaɓa a matsayin ruwanta, da mil 200 inda kifi da man da ke ciki nata ne. Ranarki za ta ƙare a rubutu da taro. A nuno daftari a allo, jimlolin da ba a daidaita ba an sa su cikin baka, wakilai su yi wuni guda kan ko a rubuta "wajibi ne" ko "ya kamata". Kada ki raina wannan, domin kalma ɗaya ce ke raba abin da za a iya kai ƙasa kotu a kansa da wanda nasiha ce kawai. Nan ma ba a gaggawa: yarjejeniyar kare halittun tekun da ba na kowa ba ta ci kusan shekara 20 ana tattaunawa kafin a amince da ita a 2023.

Maganar abinci kuma, ƙofar kotu a buɗe take tun ranar da aka rantsar da ke. Albashin farko dai kin san shi, kuɗin mota ne. Kuma gaskiyar da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce, kuɗin yana ɓangaren kamfanoni, wurin ba su shawara kan lasisi da bin ƙa'ida. Ba haramun ba ne, wani lokaci ma lauyan cikin gida ne ke hana ɓarnar, amma ki san gefen da kika zauna. A harkar teku kujerun kaɗan ne: hukumar kula da jiragen ruwa ta NIMASA, ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023, ma'aikatun shari'a da harkokin waje, hukumar kan iyaka. Da wuya ki yi nisa ba digiri na biyu, irin na cibiyar dokar jiragen ruwa da ke Malta ko jami'ar harkokin teku ta Malmo a Suwidin. Ki kuma koyi Faransanci, tunda daga Benin da Togo har Kamaru da Gabon da shi ake magana.

To, mai dariya. Ki gaya masa ba iyo ake yi a aikin ba. Kashi na goma na yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ma kacokan kan ƙasashen da ba su da gaɓa yake magana, irin Nijar da Chadi, da haƙƙinsu na wucewa da kaya zuwa tasha. Wanda ya ga yadda kayan Nijar suka maƙale a Kwatano bayan rufe iyaka a 2023 ya san teku na taɓa kasuwar Maraɗi. Aikin muhalli kuma ba sai kin je Fatakwal ba: gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, ga kuma gurɓataccen ruwan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano.

Da ni ce ke, da kotu zan fara, shekara uku ko huɗu, sannan in nemi karatun teku. Wanda ya taɓa ganin yadda doka ke sulalewa a hannun lauyan kamfani ya fi iya rubuta wadda za ta riƙe, kuma daga kotu zuwa teburin taro ya fi sauƙi a kan dawowa. Kafin nan, ki nemo hukuncin nan na 2018 da kashi na 12 na yarjejeniyar teku, mai magana kan gurɓatar ruwa, ki karanta su a ƙarshen makon nan. Ki faɗa mini wanda kika kai ƙarshensa ba ki yi gyangyaɗi ba.