Baseball-Reference: Bitar Shafin ta Hanyar Bin Sawun Octavio Dotel a Ƙungiyoyi 13

Wanda yake son ya gwada ingancin shafin da ke tattara alƙaluman wasa bai kamata ya fara da fitaccen tauraro ba, domin tarihin tauraro a ko'ina ana samunsa, kuma galibi a ƙungiya ɗaya ko biyu ya yi rayuwarsa. Gwajin da ke fito da ƙarfin shafi da rauninsa shi ne ɗan wasan da ya yi ta sauya sheƙa, wanda kaka ɗaya takan rabu masa tsakanin garuruwa uku. Saboda haka na auna shafin Baseball-Reference da tarihin Octavio Dotel, mai jifa ɗan Jamhuriyar Dominika, wanda ya yi wa ƙungiyoyi 13 wasa a babbar gasar besbol ta Amurka daga 1999 zuwa 2013.

Sean Forman, wanda ya taɓa koyar da lissafi a jami'ar Saint Joseph's da ke Philadelphia, shi ya buɗe shafin a shekarar 2000. A yau yana ƙarƙashin kamfanin Sports Reference, mai shafin FBref da masu bibiyar ƙwallon ƙafa suka fi sani. Shiga kyauta ne, babu rajista, sai dai tallace-tallace. Akwai kuma sashen bincike na kuɗi mai suna Stathead, wanda ya maye gurbin tsohon Play Index a 2020.

Kafin a fahimci abin da shafin yake nunawa, sai an san aikin irin wannan ɗan wasa. Wasan besbol zagaye tara ne, kuma a kowane zagaye kowace ƙungiya sai ta fitar da masu bugu uku na abokiyar karawarta. Mai jifan farko yakan ɗauki zagaye biyar ko shida, daga nan sai masu jifan canji su karɓa, kowanne ya yi zagaye ɗaya ko ƙasa da haka, har a kai ga mai rufe wasa a zagaye na tara. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, don haka buƙatar masu jifan canji ba ta yankewa. Amma saboda kowannensu jifa kaɗan yake yi a shekara, alƙalumansa sukan hau su sauka ba zato, shi ya sa ƙungiyoyi ba sa son ba su doguwar yarjejeniya. Da kasuwar musayar 'yan wasa ta kusa rufewa a ƙarshen watan Yuli, ƙungiyar da ta fid da rai da kofi sai ta miƙa gogaggen mai jifanta ga wadda ke da sauran fata, ta karɓi matasa a madadinsa. Wannan tsari ne ke haifar da masu yawo irin Dotel.

Da zarar an rubuta sunansa a akwatin bincike, shafinsa yana buɗewa da hotonsa, da hannun da yake jifa da shi, da ranar haihuwarsa, 25 ga Nuwamba 1973 a Santo Domingo, da ranar rasuwarsa, 8 ga Afrilu 2025, ranar da rufin gidan rawa na Jet Set ya rufta a birnin. A gefe akwai jerin lambobin rigunan da ya sa, kowace lamba da launin ƙungiyar da ya sa ta. Wannan ƙaramar dabara ce, amma ta yi ma'ana, domin tun kafin mai karatu ya duba jadawali ko ɗaya, yawan launukan ya riga ya gaya masa irin rayuwar da mutumin ya yi. Ƙarƙashin haka sai taƙaitaccen lissafi: wasa 758, nasara 59, rashin nasara 50, ceton wasa 109 (wato ya rufe wasa ya kare ƙaramar tazarar ƙungiyarsa), da masu bugu 1,143 da ya kora da jifa (wato suka kasa bugun ƙwallo sau uku) cikin zagaye 951. Ma'aunin ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a duk zagaye tara, ya tsaya a 3.78.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Waɗannan alƙaluma na saman shafi an tsara su ne da mai jifan farko da mai rufe wasa a rai, kuma ba sa yi wa mutumin tsakiya adalci. Nasara ga mai jifan canji sau da yawa sa'a ce, domin takan faɗa wa duk wanda yake kan jifa a lokacin da 'yan ƙungiyarsa suka wuce gaba. Ceton wasa kuwa, wanda gasar ta fara ƙirgawa a hukumance a 1969, na wanda ya gama wasan ne kawai, ko da wani ne ya kashe wutar a zagaye na takwas. Shekarun da Dotel ya fi kowane lokaci ƙarfi su ne waɗanda yake share wa mai rufe wasa Billy Wagner hanya a Houston Astros. A 2002 ya fito a wasa 83 da ERA 1.85, amma wanda ya tsaya a layin ceton wasa zai ɗauka bai yi wani abin kirki ba a shekarar. Shafin yana da ma'aunan da suka dace da wannan aiki, kamar yawan masu gudu na abokiyar karawa da ya tarar a kan sansani (wuraren tsayawa a hanyar cin maki) da adadin waɗanda suka kai gida suka ci maki, da ma'aunin tsananin yanayin da aka shigo da shi, sai dai an ajiye su a jadawalan ciki, inda baƙo ba zai kai ba sai an nuna masa.

Babban jadawalin kaka-kaka, a ɗaya ɓangaren, ya yi aikinsa yadda ya kamata. Idan ɗan wasa ya raba shekara tsakanin ƙungiyoyi, shafin yana ba da layi ɗaya na jimilla, sannan layi daban ga kowace ƙungiya. Shekarar 2010 ta Dotel misali ce mai kyau, domin ya fara ta a Pittsburgh Pirates, ya koma Los Angeles Dodgers a ƙarshen Yuli, ya ƙarasa a Colorado Rockies a watan Satumba, kuma duk ukun suna nan a jere ba tare da ruɗani ba. Abu ɗaya da zai iya rikita sabon shiga shi ne yadda ake rubuta zagaye: 97.1 na nufin zagaye 97 da kashi ɗaya bisa uku, wato mai bugu guda da aka fitar, ba ɗigo ɗaya na lissafin makaranta ba.

Sashen da na fi daraja shi ne na cinikayya, wanda ke can ƙasan shafi, rubutu ne zalla ba ado, kowane layi da kwanan wata. Nan ne alƙaluma suke komawa labari. Ana ganin New York Mets ta ɗauke shi yana matashi a 1993, ta miƙa shi ga Houston a Disamban 1999 a cinikin da ya kai Mike Hampton New York. A Yunin 2004 ya tafi Oakland Athletics cikin cinikin ƙungiyoyi uku da ya kawo Carlos Beltrán Houston. Daga nan sai New York Yankees a 2006, Kansas City Royals da Atlanta Braves a 2007, Chicago White Sox na shekara biyu, ƙungiyoyi ukun 2010, Toronto Blue Jays da St. Louis Cardinals a 2011, sannan Detroit Tigers, wadda ta zama ta 13, abin da ya kafa tarihi a lokacin. Kowane suna a waɗannan layuka ana iya latsa shi, kuma ta haka ne mai karatu zai ci karo da wani abin mamaki: a cinikin Yulin 2011 da ya kai Dotel St. Louis, tare suka tafi da Edwin Jackson, mutumin da daga baya ya karya tarihin nasa da ƙungiya ta 14 a 2019. Su biyun sun ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, a ƙarshen kakar 2011. Babu wanda ya rubuta wannan a matsayin labari a shafin, mahaɗan ne kawai suka kai mutum gare shi, kuma a ganina wannan ne babban ƙarfin Baseball-Reference.

Haka nan rajistar wasa-wasa take. Ana iya zaɓar shekara, a ga duk fitowar da ya yi, sannan a buɗe cikakken bayanin kowane wasa, wanda mafi yawansa na shekarun baya ya samo asali daga aikin ƙungiyar sa-kai ta Retrosheet. Na duba wasan 11 ga Yuni 2003 a filin Yankee Stadium, inda masu jifa shida na Houston suka haɗu suka hana Yankees bugu mai kyau ko ɗaya, aka tashi 8 da 0. Roy Oswalt ya fara, rauni ya fitar da shi da wuri, sai Pete Munro, Kirk Saarloos, Brad Lidge, Dotel da Wagner suka bi layi. A zagaye na takwas Dotel ya kori masu bugu huɗu, alhali uku ake buƙata, saboda ƙwallon jifan kora na uku ta kuɓuce wa mai cafkewa, ɗaya daga cikinsu ya tsira zuwa sansanin farko. Bayanin wasan ya nuna wannan mataki-mataki, har wanda bai kalla ba zai iya sake gina zagayen a ransa.

Inda shafin ya gaza shi ne wajen faɗin dalili. Layin 2005 gajere ne, na 2006 ma haka, kuma jadawalin bai ce komai ba game da tiyatar gwiwar hannu, wadda ake kira da sunan Tommy John, da aka yi masa a tsakani. Wanda bai sani ba zai zaci lalacewa ya yi. Ga ɗan wasan da rauni da ciniki suka tsara rayuwarsa, wannan giɓi ne babba, kuma dole a nemi cikonsa a wani wuri. Haka kuma mai son sanin gudun ƙwallo da lanƙwasarta zai fi samun biyan buƙata a shafukan FanGraphs ko Baseball Savant, ko da yake tsarin auna motsin ƙwallo na Statcast da na biyun ya dogara da shi ya fara ne a 2015, bayan Dotel ya ajiye wasa.

Ta fuskar amfani, shafin da Ingilishi yake, kuma kawunan jadawalai duk gajerun haruffa ne. A kwamfuta, ɗora alamar linzami a kan harafi yana fito da bayani, ana kuma iya jera layuka ko a kwashe jadawali zuwa Excel. A waya kuwa sai an yi ta jan allo gefe da gefe, tallace-tallace suna cin wuri, har mutum ya manta layin wace shekara yake bi. Ga mai jifan da ya yi ƙananan gasanni ko ya ƙetara Japan, Koriya ta Kudu ko Meziko, akwai shafi na daban da ke haɗa waɗannan shekaru, amma alƙalumansa ba su kai na babbar gasa zurfi ba.

Kamfanin Sports Reference ya kuma mallaki wasan kacici-kacici na Immaculate Grid a 2023, inda ake neman sunan ɗan wasan da ya yi wa ƙungiyoyi biyu da aka ambata wasa. A can, mutum irin Dotel ya fi tauraro amfani, kuma wasan ya zama hanya mai sauƙi ta saba da sunayen ƙungiyoyi.

Game da biyan kuɗi, sashen kyauta ya wadatar da duk mai son bin tarihin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma duk alƙaluman wasa da na kawo a sama daga nan suke. Stathead yana amfani ne idan tambayar ta zama ta kwatance, misali a nemi duk masu jifan canji da suka kori mutum 100 a kaka ɗaya, ko waɗanda suka yi zagaye sama da 900 da irin ƙimar korar Dotel, wadda ta kusa 11 a duk zagaye tara. Ɗan jarida ko mai sharhi zai ci moriyar kuɗinsa a can. Mai karatu na yau da kullum ya fi dacewa ya tsaya a na kyauta, ya fara daga sashen cinikayya, sannan ya hau zuwa jadawalin kaka-kaka.