Takardar Da Aka Ba Ni Ba Tare Da Na Goro Ba

Ƙarfe uku na dare agogon Houston Yaya ya kira ni. Ya ce, “Ƙanena, jikin Hajiya ya yi tsanani, tana ta ambaton sunanka. In da hali ka taho.” Na ce, “To Yaya, in sha Allahu,” na ajiye wayar, na rasa abin da ke mini daɗi. Kuɗin jirgi ina da shi, hutu ma za a ba ni a wurin aiki. Izinin dawowa ne ba ni da shi.

Bari in yi muku bayani, don na gaji da jin ana cewa wane ya je Amurka ya manta da gida. Na zo karatu a 2016, na samu aikin injiniya, na ci cacar bizar aiki ta H-1B wadda mutum 85,000 kacal ake ɗiba a shekara. Kamfanina ne ya nema mini katin zama na dindindin, girin kad. Sai da suka buga tallan aikina a jarida, suka gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa ba su samu ɗan ƙasa da ya cancanta ba. Ranar da aka shigar da wannan takarda a 2022 ita ce lambar layina. A farkon 2023 na miƙa fam na ƙarshe, I-485, na biya dala 1,225. To, bizar da ke manne a fasfona ta riga ta ƙare. In na fita babu takardar izinin tafiya, sai na nemi sabuwar biza daga gida, in kuwa aka samu tangarɗa, wahalar shekara bakwai na iya bin ruwa. Na nemi takardar tun tare da fam ɗin, watanni shiru.

Da gari ya waye na kira layin ofishin shige da fice. Na'ura ce ke amsawa, tana ta juya ni, in ce ina son mutum, ta ce za ta turo mini adireshin shafin intanet. Na kusa jifa da wayar. A gida aƙalla akwai wanda za ka tsuguna wa ka ce uwata ce ba lafiya. Sai a kira na huɗu na samu ɗan Adam, aka sa mini rana.

Abin da ya faru a ofishin nan shi ne dalilin rubutuna. Na je da wasiƙar likita daga asibitin da Hajiya ke kwance a Kano, da takardar haihuwata, da hoto biyu. Na ciri lamba na zauna. Ba wanda ya tare ni a bakin ƙofa ya ce yana da hanya, ba masinja mai raɗa a kunne. Wata mata, za ta yi sa'ar Yaya, ta karɓi takardun, ta karanta wasiƙar har ƙarshe, ta ɗago ta tambaye ni sunan mahaifiyata, ta ce ta ji ba daɗi, in zauna tana zuwa. Kafin azahar ta miƙo mini takardar da hotona a jiki. Na tambayi nawa zan biya. Ta ce ai yana cikin kuɗin da na biya tun farko. Na tsaya ina jiran sauran maganar, irin wadda kuka sani: yallaɓai a gan mu, a sa wa yara albarka. Ta kira lamba ta gaba.

Wallahi a mota na zauna na yi kuka. Rabinsa na Hajiya ne, rabinsa takaicinmu. Na tuna ranar da na je yin fasfo a gida, aka ce littafi ya ƙare, in dawo bayan wata biyu, sannan wani ya ja ni gefe ya faɗi farashin da littafi zai samu gobe da safe. Na biya, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na tuna takardar sakamakon jami'ata da ta shekara a kan teburi saboda oga ba ya nan. Wannan matar ba ta san ubana ba, ba ta san unguwarmu ba, ba za ta sake ganina ba har abada. Mu da muke salla biyar, muke jin wa'azi a kan cin hanci kowace Juma'a, me ya hana mu? Kuma kada a ɗora wa ma'aikata kaɗai. Mu ne muke fara sa hannu a aljihu tun ba a tambaya ba. Mu ne in ɗanmu ya samu kujera ya ƙi yi wa dangi ƙafa sai mu ce ba shi da zumunci.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Layin da ba a sayarwa, ba ya kuma jin magiya. Doka ta ware katin ma'aikata 140,000 a shekara, har da matansu da 'ya'yansu a cikin lissafin, kuma tun 1990 adadin yake haka. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin da ke nuna ranar da layi ya kai. A watan Mayun 2023 aka ja rukuninmu na ƙwararrun ma'aikata, EB-3, baya, a watan Agusta kuma aka mayar da shi can 2020. Ka kwanta kana bakin ƙofa, ka tashi an ce shekara biyu ce tsakaninka da ita, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. A 2023 akwai dala 2,500 da ake biya a hanzarta mataki ɗaya cikin kwana 15, da rasit, a bayyane, amma layin kansa ko taku ɗaya ba ta matsar da shi.

Duk da haka in na dubi abokin aikina ɗan Indiya sai in yi shiru. Ba a ba kowace ƙasa fiye da kashi 7 cikin ɗari, su kuwa yawansu ya wuce misali. Ya fi shekara goma a layi. Ɗansa ya zo yana goye, yanzu yana jami'a, kuma in ya wuce shekara 21 lissafi bai rufa masa asiri ba, ya fita daga takardar ubansa. Mutumin nan duk lokacin da aka ce za a rage ma'aikata ba ya iya cin abinci, don mai H-1B in aka sallame shi kwana 60 gare shi ya samu wani aikin ko ya tattara. Inshorar asibitinka ma a hannun kamfani take. Shi ya sa za ka ga babban mutum yana haɗiye wulaƙancin da a Kano ko yaron shago ba zai ɗauka ba.

Yadda nake rage zafin jiran kuwa, na daina duba shafin jadawalin kullum, sai sau ɗaya a wata. Ranar Asabar ina zuwa shagunan 'yan Najeriya a titin Bissonnet in sayi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Ɗan ƙullin da Hajiya za ta ba almajiri kyauta, nan sai ka ƙirga daloli, ga shi ƙamshin ya gudu a hanya. Wuta ba ta ɗaukewa sai an yi guguwa, wasiƙa tana zuwa har akwatin ƙofarka, amma maƙwabcina shekara uku bai taɓa tambayata ya gajiya ba. Masu turo mini saƙo kuma, ku ji: ba ni da ikon ɗauko kowa, ni ma a layi nake. 'Yan Najeriya ba sa cikin cacar girin kad ta DV shekaru da dama ke nan, saboda haka duk ejan ɗin da ya ce ku sayar da fili zai cike muku ita, ɓarawo ne.

Na tashi ta Doha, na sauka Kano da hantsi. Hajiya ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗan nan, ka rame, ba sa ba ka abinci ne?” Kwana goma sha ɗaya na yi ina jinyarta, Allah ya karɓi abarsa daren Alhamis. Da hannuna na sa ta a makwancinta, ni da Yaya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da na dawo, a filin jirgi aka kai ni wani ɗaki, kamar yadda ake yi wa masu irin takardata, na yi awa biyu a zaune ba a yarda in taɓa waya ba, sannan aka buga hatimi aka ce in wuce. A lokacin katin bai fito ba. Ina ta jiran jadawalin wata na gaba, kuma ranar da nake jira su kai tana cikin Yulin 2022.