Manhajar iNaturalist wajen tantance siririn mazari

Duk mai kududdufi ko ƙaramin rafi a bayan gidansa ya saba ganin siririn mazarin nan, shuɗi ko ja, yana sauka a kan ciyawar bakin ruwa. Masana sun sanya shi a rukunin Zygoptera, mai nau'i wajen 3,000 a duniya, kuma a ganina manhajar iNaturalist ce hanya mafi sauƙi ta gano wanda ya ziyarce ka, muddin ka ba ta hoto mai kyau.

Manhajar kyauta ce. Ta samo asali a shekarar 2008 daga aikin wasu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Idan ka ɗora hoto, sai kwamfuta ta kawo sunayen da take zato, sannan mutane su duba, kuma idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda da suna ɗaya, bayanin ya kai matsayin da masu bincike za su yi amfani da shi.

Raba siriri da babban mazari ba ya ba ta wahala, domin siririn yakan haɗe fikafikansa a bayansa idan ya sauka, idanunsa kuma suna nesa da juna a gefen kai. Inda aikin yake shi ne gano ainihin nau'in. Dogon cikin wannan ƙwaro, wato sashen jikinsa mai kama da jela, gaɓa 10 ne, kuma a shuɗayen dangin Coenagrionidae, waɗanda suke kama da juna matuƙa, sau da yawa bambancin bai wuce siffar baƙin zanen da ke gaɓa ta 2 da launin gaɓa ta 8 da ta 9 ba. Hoton da aka ɗauka daga nesa ba zai nuna wannan ba, don haka ya kamata a ɗauki ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, a kuma matso da ƙarshen cikin namiji. Mata sun fi wuyar sha'ani, saboda nau'i ɗaya yana iya samun mata masu launi daban-daban, wanda bai daɗe da rikiɗa daga ɗan ƙwaron cikin ruwa zuwa mai fikafikai ba kuwa launinsa bai nuna ba tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu dubawa, domin wasunsu sukan faɗi alamar da suka dogara da ita. Wanda ba ya son a san gidansa kuma yana iya ɓoye ainihin wurin da ya ɗauki hoton kafin ya ɗora.