Kwana Biyu a Harar: Yadda Na Ga Garin, Masaukin da Jagoran

Taron da ya kai mu Adis Ababa ya ƙare ranar Alhamis, jirginmu na komawa gida kuwa sai Litinin. Abokin aikina, mutumin Jos, shi ya matsa sai mun leƙa Harar, wani tsohon gari a gabashin Habasha, wai ya daɗe yana jin labarin giyarsu. Ni dai masallatan da ake faɗa ne suka ja ni. Muka biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido kuɗin kwana biyu: mota daga filin jirgin Dire Dawa, birnin da ke kusa da Harar, masauki da jagora.

Hanyar hawa ce zalla, sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Da ba ta kai haka ba, sai dai direbanmu ya tsaya a Awedai sayen ganyen cat ɗin da suke taunawa, ya bar mu a mota yana ciniki kamar mai sayen saniya. A riƙe rigar sanyi, don garin yana kan tudu mai kusan mita 1,900, da magariba sai ka ji kamar hunturu ya shigo.

Tsohon garin, wanda suke kira Jugol, yana cikin ganuwar da aka gina a ƙarni na 16 zamanin Sarki Nur ibn Mujahid, da ƙofofi biyar na asali. Ga Bakano irina, kallon farko sai da na raina ta, don ba ta kama ƙafar badalarmu a faɗi ba. Amma tasu ta dutse ce, kuma tana nan tsaye, ba wanda ya yanke ta ya kafa shago. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, ta lissafa masallatai 82 da hubbarori 102. Wasu masallatan ba su fi ɗakin soro girma ba, sai ka wuce ba ka sani ba in ba ka ga takalma a ƙofa ba.

Nan jagoran ya ci kuɗinsa. Lungunan sun yi kama da juna, wani ma mutum biyu ba sa giftawa sai sun goga kafaɗa, da mu kaɗai ne da har yanzu muna nema. Ya bi da mu layin teloli da ake kira Makina Girgir saboda ƙarar kekunan ɗinki, ya kai mu kasuwar nama inda ake rataye naman raƙumi, shirwa kuma tana surar tsoka daga tafin hannun mutum. Gidan da ake jingina wa Rimbaud, mawaƙin Faransa da ya yi kasuwanci a garin, mun shiga mun fito. Tsofaffin hotunan da ke sama ne kawai suka tsayar da ni.

Masaukin shi ne abin da ba zan manta ba. Gidan gargajiya ne na Harariyawa, babban ɗaki mai dakali hawa-hawa an shimfiɗe da darduma, kowane dakali da irin wanda ke zama a kai. Bangon kuwa tun daga ƙasa har rufi faya-fayi ne masu launi da kwanukan langa, an jera su reras. Na tsaya baki buɗe, don jeren ɗakin kakata ne sak. Da na nuna wa uwar gidan hoton irin namu a waya, ta kira maƙwabciyarta suka yi ta kallo suna dariya. Ta soya gahawa a gabanmu, ta daka, ta dafa, ta kawo da fatira da zuma. Matsala ɗaya: famfo bai kawo ruwa ba duk zamanmu, da bokiti muka yi wanka. Ban damu ba, mun saba, amma ya kamata kamfanin ya faɗa tun farko.

Zancen giya nan ne kamfanin ya ba mu kunya. A takardarsu sun rubuta har da zagaya masana'antar giyar Harar, wadda aka buɗe a 1984, Heineken kuma ta saye ta a 2011. Ashe ba su nemi izinin shiga ba, ko waya ba su buga ba. Muka tsaya a bakin titi jagoran yana ta kame-kame, daga baya ya kai mu wata mashaya a sabon gari, wajen ganuwa. Abokina ya ce farar ba ta da nauyi, ta dace da rana, amma baƙar, Hakim Stout, ita ya yaba, wai tana da ɗan zaƙi-zaƙi. Ni Sofi aka kawo mini, lemon malt marar bugarwa da masana'antar ke yi, kusan ɗanɗanon Maltina. Mun nemi a rage mana kuɗin wannan ɓangaren, har yau shiru.

Da dare aka kai mu bayan ganuwa wajen mai ciyar da kuraye. Yana zaune a ƙasa da kwandon nama, yana kiransu, suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya cikin hasken fitilar mota. Ba takunkumi, ba sarƙa, ba irin kurar gardawanmu ba. Abokina ya ciji guntun kara mai nama a baki, kura ta zo ta zare. Ni a hannu na riƙe nawa karan, shi ma na zaɓi mafi tsawo, warin bakinta kuma har yanzu yana hancina.

In zan koma, jirgi da mota zan nema da kaina, in sauka a gidan nan dai, in ɗauki jagora a cikin gari in biya shi hannu da hannu. Kuma zan daidaita tafiyar ta faɗo ranar Juma'a da safe, don wannan karon mun iso an riga an sauko daga babban masallaci.