Allon zamiya mai ɓawon kifi: na shiga dawa ne, amma da sharaɗi

Hunturu biyu ke nan ina amfani da wannan allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin wanda mutanen Norwe ke kira fjellski, wato na hawa dutse da ratsa dawa inda babu layin da inji ya share. Tsawonsa santimita 190, faɗinsa milimita 68 a goshi, 55 a ƙugu, 62 a wutsiya, da bakin ƙarfe tun daga kai har ƙarshe. Cikinsa mai ɓawon kifi ne, wato zane mai kama da ɓawon kifi da ke hana allo zamewa baya, wanda ake tallarsa da cewa ba ya buƙatar kakin da ake shafa wa allo don ya kama dusa. Wannan magana ita ta ja ni, ita ce kuma ta fi ɓata mini rai.

A sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi, sanyi kamar digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifiri, ba ni da ƙorafi. Yana kamawa, yana tafiya. Faɗin nan ma an dace da shi, domin bai kai milimita 70 ba, don haka yana shiga layin inji idan hanya ta bi ta kansa.

Inda asirinsa ya tonu shi ne tsakanin Finse da Krækkja, a saman tudun Hardangervidda na ƙasar Norwe, cikin watan Afrilu. Finse tana kan tsayin mita 1,222, babu bishiyar da za ta tare iska, kuma dusar da rana ta narkar jiya takan kwana ta daskare ta zama ɓawo mai tauri kamar daɓen siminti. Ɓawon kifi sai ya samu abu mai laushi da zai nutsa ciki kafin ya riƙe. A kan wannan daɓen babu abin da zai ciza. Taku ɗaya gaba, rabin taku baya, ga jaka mai kilo 15 a gadon baya. Hawan da bai kai a kira shi hawa ba sai an buɗe ƙafa an yi tafiyar agwagwa, nauyi duk ya koma kan sandunan dogarawa, kafaɗa ta mutu tun hantsi. Da azahar kuma sai akasin haka. Inda rana ke duka cikin allon ya jiƙe, ana shiga inuwar dutse busasshiyar dusa ta manne a jikin jiƙaƙƙen ɓawon, ta yi tudu kamar kaurin yatsu uku a ƙarƙashin ƙafa. Sai ka tsaya ka kankare, bayan minti goma ta dawo. Maganinta man santsi ne na ruwa da ake shafa wa ɓawon tun kafin a fita, a bar shi ya bushe. Ashe wanda "ba ya buƙatar kaki" yana buƙatar shafi, kuma babu wanda ya faɗa mini a shago.

Laifin ba na ɓawon ba ne shi kaɗai. A shagon da tsawona kawai aka auna, aka ƙara santimita 15, ba a tambayi nauyina ba. Allon irin wannan yana da gantsara a tsakiya, kuma nauyin mutum ne ke danne ta har ɓawon ya taɓa ƙasa. Gwajin ba shi da wuya: a tsaya a kan allunan biyu a daɓe mai baje, wani ya tura takarda ƙarƙashin ƙafa. Idan nauyi ya rabu biyu, takardar ta riƙa motsi. Idan aka koma kan ƙafa ɗaya, ta maƙale. Nawa, da nauyina kilo 68, takardar zarewa take ko da na tsaya da ƙafa ɗaya. A yi gwajin nan da jakar tafiya a baya, don ita ma nauyi ce.

Abin da ya sa ban sayar da shi ba ƙaramar fatar hawa ce. Allon yana da rami gaban makamar takalmi inda ake saƙala ta, sannan a manna ta a tsakiya. Tawa faɗinta milimita 45, gashin akuyar Angora haɗe da nailan, kwance yake ta fuska ɗaya, yana barin allo ya zame gaba, ya hana shi komawa. Gaskiya na sha mamaki. Daɓen da ya wahalar da ni, da ita miƙe ake hawansa. Sai dai a goge cikin allon ya bushe kafin a manna, in an cire kuma a naɗe ta a sa cikin riga kusa da jiki, don gam ɗin ba ya kamawa idan ya yi sanyi ko dusa ta shiga tsakani.

To amma a nan haushin ya dawo. In dai sai da fata zan hau tauri, mene ne amfanin ɓawon da ke ja mini birki, yana ƙara kamar zarto a kowace gangara? Da mai sumul ɗin ciki na ɗauka: shuɗin kaki a ranar sanyi, fata a ranar tauri, in huta da kilista ma gaba ɗaya, wato kakin nan mai danƙo na dusa mai tauri ko jiƙaƙƙiya.

Makamar takalmin ma ta ƙara nata. Na karɓi mai kulle kanta, wadda ake takawa ta kama. Dusa takan cika ramin da sandar ƙarfen takalmi ke shiga, ta daskare, sai an durƙusa ana tono da tsinin sanda, wani lokacin ma ta ƙi sakin ƙafa. Na canza zuwa wadda ake buɗewa da hannu, ko da safar hannu mai kauri tana buɗuwa. A kula kuma, takalmin allon dawa, samfurin da ake kira NNN-BC, ba ya shiga makamar samfurin NNN ta layin inji, sandarsa ta fi kauri da faɗi. Mai tafiya da kare ya yi tunani sosai kafin ya ɗauki mai bakin ƙarfe, yana yanka wa karnuka ƙafa.

Ga mai yawon yini ɗaya cikin daji mai bishiyoyi a tsakiyar hunturu, allon zai yi masa aiki. Ni dai idan Afrilu ta zagayo, ba da shi zan koma Finse ba.