Gilashin nan da ake maƙala wa kamarar waya

Jama'ar Damagaram, ɗan gilashin ƙara girman nan da masu kayan waya ke sayarwa na saye shi, kuɗinsa kun sani ba sai na faɗa ba. Saboda ƴan ajina na SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa) na saya, muna kan darasin halittun da suka zama dutse kuma yara sun gaji da jin bayani da baki kawai.

Na nuna musu foto a waya na wani ganye da aka tono a Laguna del Hunco can ƙasar Ajantina, shekarunsa wajen miliyan 52, a jikinsa akwai ƴan tsage-tsage a jere sun yi lanƙwasa, wurin da macen ƙaramin mazari ta tsaga ganyen ta cusa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya ce Malam ai wannan fashewar dutse ce kawai. Washegari na sa aka tsinko mana ganyen bado daga tabki muka kifa shi muka ɗora gilashin, wallahi sai ga irin tsagar nan a jere, dogaye ƙanana, har da ƙwai a cikin wasu! Aji ya rikice kowa na son ya leƙa, ni kaina jikina sai da ya yi sanyi, dabara ɗaya ƙwaron nan ke yi tun wancan zamani, kuma a Faransa an samu irin tabon a jikin tsirran da suka kai shekara miliyan 300. Allah mai iko. A ranar da an tambaye ni sai in ce kowane malami ya saya.

Amma fa raina ya ɓaci daga baya. Mai shagon ya rantse mini fitilar da ke jikin gilashin na kwana biyu ba sharji, ko darasi ɗaya ba ta kai ba ta dushe, ga matsalar kuran, wato wutar lantarki, kun san halin da muke ciki. Maƙalin kuma roba ce marar ƙwari, ta tsage har ta karce mini bayan waya, yanzu da ɗan kyauro nake ɗaure shi. Na koma ya ce wai yara ne suka ɓata, ko haƙuri bai ba ni ba, abin nan ya ci mini rai ƙwarai.

Gilashin kansa yana gani tar, wannan ba zan ɓoye ba. In za ku saya ku nemi mai maƙalin ƙarfe, ku kunna fitilar a gabansa ku jira, ni dai wancan shagon ba zan sake taka shi ba.